Haƙƙin Mai Zama a Kujerar Dama

Duk wanda Allah ya nufa da zaman jiran jirgi a filin jirgin sama, ko a Kano ko a Jidda ko a Landan, ya san yadda idanun jama'a kan koma kan matuƙa sa'ad da suka ratso zaure su biyu, da fararen riguna da igiyoyi a kafaɗa, kowa na jan 'yar jakarsa, har ka ga uwa tana zungurar ɗanta tana nuna masa abin da karatu ke mai da mutum. Na gaba, mai igiya huɗu, shi ne kyaftin, kuma galibi abin da ake zato game da wadatarsa bai yi nisa da gaskiya ba. Amma na bayansa, saurayin nan mai igiya biyu ko uku wanda zai zauna a kujerar dama, shi ne abin maganata yau, domin na daɗe ina ganin mun danƙa masa amanar rayukanmu alhali kuwa ba mu taɓa tambayar sharaɗin da aka ɗauke shi aiki a kansa ba, balle nawa ake binsa, balle inda ya kwana daren jiya.

Amurkawa ma ba su yi wannan tambaya ba sai bayan da aka yi jana'iza. A daren 12 ga Fabrairu 2009 wani jirgi ƙirar Bombardier Q400 na ƙaramin kamfanin Colgan Air, wanda ya taso daga Newark da sunan babban kamfanin Continental a jikinsa da kuma a tikitin fasinjojinsa, ya faɗo kan wani gida kusa da birnin Buffalo, mutum 49 da ke cikinsa da mutum ɗaya da ke cikin gidan suka rasu. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta buɗe littafin rayuwar matuƙan, sai aka tarar mataimakiyar kyaftin, 'yar shekara 24, albashinta a shekara bai wuce dala 16,000 da 'yan kai ba, kuma tana zaune ne a yankin Seattle, kimanin kilomita 3,900 daga inda take kama aiki, ta kwana tana ratsa ƙasar a cikin jiragen dakon kaya don ta iso da safe, ga kuma mura tana damunta. Na'urar naɗar magana ta ɗakin tuƙi ta riƙe abin da ta gaya wa kyaftin, cewa in ta ce ba ta da lafiya to sai ta kama wa kanta ɗaki a otal da kuɗinta har ta warke. Adalci ya wajabta in ce hukumar ta ɗora ainihin sababin haɗarin a kan kyaftin, wanda sa'ad da sitiyari ya soma karkarwa don gargaɗin cewa gudun jirgin ya ragu ƙwarai, ya ja shi baya maimakon ya tura shi gaba. Game da gajiya kuwa ta ce mai yiwuwa ta rage musu kuzari, ba ta dai sa ta cikin sababin da ta yanke ba. To amma jama'a sun ji abin da suka ji.

Majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 2010, wadda daga 2013 ta wajabta wa duk mai son zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja ya tara awa 1,500 ta tuƙi, alhali a da awa 250 kan isa, sai 'yan rangwame ga tsofaffin sojojin sama da masu digirin wannan fanni. A farkon 2014 kuma aka ɗaure ƙa'idar hutu, aka ce awa 10 tsakanin aiki da aiki, da damar barcin awa 8 a cikinsu ba yankewa. Ƙa'idar hutun ta dace da cutar. Ta awa 1,500 kuwa ina da ja a kanta, domin matuƙan nan biyu da suka rasu kowannensu ya riga ya haura wannan adadi, ita mataimakiyar ma tana da fiye da awa 2,200, saboda haka da dokar tana nan a wannan dare da ba ta hana ko ɗayansu hawa jirgin ba. An ga mara lafiya yana fama da yunwa da rashin barci, aka rubuta masa ƙarin shekarun makaranta. In dokar ta yi wa ƙananan matuƙa wani amfani, ta bayan gida ta yi shi: ta rage yawan masu cancanta, kamfanoni suka rasa mutane, har a 2022 ƙananan kamfanonin da ke ƙarƙashin American Airlines suka kai ladan sabon mataimaki dala 90 a awa, a 2023 kuma matuƙan Delta suka sami ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu. Ƙarancin ma'aikata ne ya kawo wannan alheri, kuma abin da ƙaranci ya kawo yalwa tana iya kwashe shi.

Sai mu dubi tsanin da saurayin nan zai hau, domin a nan ne mafi yawan masu karatu ba su san yadda al'amarin yake ba. A manyan kamfanonin Amurka, da wasu da yawa a wajenta, ranar da aka ɗauke ka aiki ana ba ka lamba a jerin daɗewa, kuma wannan lamba ita ce ƙaddararka ta duniya a kamfanin: ita ke yanke irin jirgin da za ka tuƙa, da garin da za ka zauna, da ko za ka yi salla ko kirsimeti a gida, da shekarar da za ka ƙaura daga kujerar dama zuwa ta hagu, ta kyaftin, da kuma wanda za a fara sallama in kasuwa ta faɗi. Sabon shiga yakan shafe watanni ko shekaru a zaman jiran kira, watau ba shi da jadawalin kansa, waya na hannunsa dare da rana, in an kira shi ya isa fili cikin 'yan awoyi. Saboda haka ne ma ake samun ɗakunan haya kusa da manyan filayen jirgi, masu gadaje hawa-hawa, inda matuƙa da yawa ke karɓa-karɓar kwana. Ladansa kuma bisa al'ada ana lissafa shi ne daga turo jirgi daga ƙofa zuwa tsayawarsa a wata ƙofar, ta yadda duba lafiyar jirgi, da nazarin yanayi, da zaman jiran fasinja, duk ba su shiga lissafin awoyin da ake biya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne lambar ba ta bin mai ita. Likita in ya bar asibiti ya koma wani, da shekarunsa yake tafiya. Alƙali in an sauya masa gari ba ya komawa magatakarda. Matuƙi kuwa in kamfaninsa ya rushe, kamar yadda Eastern da Pan Am suka rushe a shekara guda, 1991, ko da ya shekara 25 yana kyaftin, sai ya koma ƙarshen layi a sabon kamfani, a kujerar dama, da albashin shekarar farko, ƙarƙashin yaron da ya haifa. Ko kamfanin bai rushe ba, tsanin kan tsaya cik ba da laifin kowa ba. A Disamba 2007 Amurka ta ɗaga shekarun ritayar matuƙa daga 60 zuwa 65, sai ya zama na sama ba su sauka ba har shekara biyar, na ƙasa kuma ba inda za su taka. Mutane da yawa sun san sunan Kyaftin Sullenberger, wanda ya saukar da jirgin US Airways a kan kogin Hudson ranar 15 ga Janairu 2009, mutum 155 suka tsira. Kaɗan ne suka san mataimakinsa na wannan rana, Jeffrey Skiles, ya shekara fiye da 20 a kamfanin, ya taɓa zama kyaftin, rage ma'aikata ne ya mai da shi kujerar dama. Shi kansa Sullenberger, kwana 12 bayan haɗarin Buffalo, ya shaida wa majalisa cewa an zabge kashi 40 cikin ɗari na albashinsa, an kuma soke fanshonsa.

Kada mai karatu ya zaci ina kiran a rushe jerin daɗewa. Ko kusa. Waɗanda suka kafa ƙungiyar matuƙan Amurka a 1931 sun fito ne daga zamanin da manaja kan tilasta wa matuƙin jirgin wasiƙu tashi cikin hadari da hazo, in ya ƙi a ba wani aikinsa, kuma jerin daɗewa na cikin garkuwar da aka yi wa wannan zalunci, domin in ƙarin girma yana bin lamba ne, to ba ya bin fara'ar manaja, ba ya bin dangantaka, ba ya bin wanda ya fi iya durƙuso. Mu da muka san yadda ake rabon muƙami a ma'aikatunmu bai kamata mu raina tsarin da ya toshe ƙofar alfarma ba. Illarsa ɗaya ce, amma babba: tunda barin kamfani daidai yake da zubar da shekarun da ka tara, to kamfani ya san ba za ka tafi ba, kuma wanda aka san ba zai tafi ba ana iya yi masa abin da aka ga dama.

A nan kuma dole in faɗi wata magana mai ɗaci game da manyan matuƙa da ƙungiyoyinsu, domin ba kamfanoni kaɗai ke da alhaki ba. A 1983, zamanin shugabancin Robert Crandall, American Airlines ta kawo tsarin albashi hawa biyu, inda waɗanda ke cikin aiki suka riƙe nasu, waɗanda za a ɗauka nan gaba kuma aka yanka musu ma'auni na dabam wanda ya yi ƙasa ƙwarai, ƙungiyar matuƙan kamfanin kuwa ta sa hannu, da yake waɗanda za a cuta ba su da ƙuri'a, ba a ma ɗauke su ba tukuna. Cathay Pacific ta Hong Kong ta bi wannan hanya a 1993, daga nan kuma kowane sabon zubi na matuƙa sai ya tarar da sharaɗin da ya gaza na wanda ya gabace shi, har aka wayi gari mutum biyu ko uku na zaune a ɗakin tuƙi ɗaya, suna ɗauke da amana ɗaya, kowa da irin takardarsa. A can akwai ma wani mataki ƙasa da mataimaki, mai riƙon kujera a tsakiyar doguwar tafiya sa'ad da manya suka je barci, wanda ba a ba shi tashi ko saukar da jirgi, ya yi shekaru yana kallon sararin Allah da allon na'urori yana jiran lambarsa ta zo. Da annobar korona ta zo, a Oktoba 2020 kamfanin ya rufe reshensa na Cathay Dragon, ya soke guraben aiki 8,500, ya ce wa matuƙan da suka rage su sa hannu a sabuwar yarjejeniya mai ƙarancin albashi ko su kama gabansu. Da yawa sun kama gaban nasu, kuma a ƙarshen 2023 da farkon 2024 kamfanin ya shiga soke tashin jirage don ba isassun matuƙa.

Turai kuwa tata cutar bashi ce. Saurayi kan biya makarantar tuƙi abin da ya kai fam 100,000 ko kusa da haka, sau da yawa da jinginar gidan iyayensa, sa'an nan ya tarar lasisin da ya samu bai ba shi ikon taɓa Boeing 737 ko Airbus A320 ba sai ya yi horo na musamman a kan wannan ƙira, wanda wasu kamfanoni kan ce shi zai biya, wasu dubban kuɗi kuma. Har akwai inda ake sayar wa sabon matuƙi awoyin zama a kujerar dama, ya biya kuɗi don a bar shi ya yi aiki, fasinjoji na baya ba su sani ba. Ryanair, wadda ta fi kowane kamfani a Turai yawan fasinja, ta daɗe tana samun matuƙa da yawa ta hannun dillalan ma'aikata, a sa mutum ya kafa ɗan kamfaninsa na kansa a takarda, ya zama wai ɗan kwangila ne mai sayar da hidima, a biya shi gwargwadon awoyin da ya tashi. Wani bincike na jami'ar Ghent ta Beljiyam a 2015, wanda ya tambayi matuƙa fiye da 6,000, ya sami fiye da ɗaya cikin shida ba su da tabbatacciyar takardar aiki kai tsaye da kamfanin da suke tuƙa wa jirgi, kuma matasa ne suka fi yawa a cikinsu. Sai da Ryanair ta rikice da jadawalin matuƙanta a Satumba 2017, ta soke dubban tashi, sa'an nan a Disamba na shekarar ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago, karo na farko tun kafa ta.

Malamanmu na fikihu, a babin ijara, sun sharɗanta cewa lada ya zama sananne, aiki ko wa'adinsa ya zama sananne, don gudun garari, watau ƙulla ciniki a kan abin da ɗaya daga cikin masu ƙullawa bai san ƙarshensa ba. Ban ce ni mufti ba ne, kuma ba fatawa nake bayarwa ba, amma ina ganin ko ɗalibin da bai wuce Risala ba zai gane inda gararin yake a yarjejeniyar da ta ce wa mutum ya ajiye dukan lokacinsa ga kamfani ɗaya, ya sa rigarsa, ya bi umarninsa, amma ladansa ya rataya ga awoyin da kamfanin ya ga damar ba shi, in ya kwanta ciwo kuma babu ko anini.

Mai karatu na iya cewa, to ina ruwan fasinja da wannan, ai kowace sana'a da wahalar farkonta, kuma yaron nan in ya yi haƙuri wata rana zai fi mu duka albashi. Amsata tana cikin dalilin da ya sa aka ajiye kujera ta biyu tun asali. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, cikin hazo mai kauri, kyaftin ɗin wani jirgin KLM ƙirar Boeing 747, wanda shi ne babban malamin horar da matuƙan wannan ƙira a kamfaninsa, ya soma gudun tashi ba tare da cikakken izini ba, alhali wani 747 na Pan Am yana kan titin. Mataimakinsa, wanda shi wannan kyaftin ne ya yi masa jarrabawar ƙwarewa 'yan watanni kafin nan, ya tsai da shi sau ɗaya, bai maimaita ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko na Pan Am ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, shi ma ya yi shiru. Mutum 583 suka halaka, kuma har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka ba. Daga wannan da ire-irensa ne aka fito da darasin da United Airlines ta fara koyarwa a 1981, wanda yanzu ya game duniya, cewa wajibi ne ƙarami ya buɗe baki ya ce wa babba ya yi kuskure, wajibi ne kuma babba ya saurara. Kamfanoni na kashe kuɗi mai yawa kowace shekara suna koya wa saurayin nan ya ce a'a, ya ce mai bai isa ba, ya ce na gaji ba zan tashi ba, ya ce kyaftin mu fasa wannan sauka mu sake zagayowa. Sa'an nan su miƙa masa takardar aikin da kowane layi nata ke koya masa akasin haka: bashi a wuyansa, wa'adin gwaji a gabansa, ladansa a hannun mai rabon jadawali, ƙarin girmansa na jiran rahoton mutumin da ake so ya yi wa gardama. Darasin aji kwana biyu ne a shekara, takardar aiki kuwa da ita yake kwana yake tashi.

Kuma shirun ba a gaban kyaftin kaɗai yake ba, har a gaban likita. Matuƙi na zuwa gwajin lafiya kowace shekara ko kowane wata shida, kuma rasa takardar lafiya daidai yake da rasa sana'a. Bayan mataimakin matuƙin Germanwings ya kifar da jirginsa da gangan a tsaunukan Faransa ranar 24 ga Maris 2015, mutum 150 suka mutu, masu binciken Faransa sun tarar ya ɓoye wa kamfani ciwon tabin hankalin da yake fama da shi, suka kuma ba da shawara a samar da hanyar rage wa matuƙa asarar da ke biyo bayan rasa lasisi, don kada tsoron talauci ya hana mara lafiya faɗin ciwonsa. Babu uzuri ga abin da ya aikata, amma shawarar masu binciken ta shafi dubban masu gaskiya waɗanda ciwonsu bai wuce rashin barci ko damuwar gida ba, suna kuwa haɗiye shi.

Hujjar kamfanoni ita ce ribarsu siririya ce, kuma in sun horar da yaro da kuɗinsu, da ya ƙware sai ya tsere Dubai ko Doha inda albashi ya fi tsoka. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa sananne ne tun da daɗewa, kuma kamfanoni irin su Ethiopian Airlines da ke da makarantarsu ta kansu sun nuna ana iya rainon matuƙi daga tushe: kamfani ya ɗauki nauyin horo, matuƙi ya ɗauki alkawarin yi masa aiki shekaru ƙididdigaggu, in ya tafi kafin wa'adi ya biya abin da ya rage. Da haka bashin ya zama na shekaru, wanda ake biya da aiki, maimakon na banki mai hana barci.

Mu ma nan gida ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana yaye matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, gwamnatin Kano a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu ta tura matasa 100 ƙasar Jodan don koyon wannan sana'a, ma'aikatan Nigeria Airways kuwa, wadda aka rushe a 2003, sun yi shekara 15 suna bin haƙƙinsu kafin gwamnatin tarayya ta amince da biyan wani kaso a 2018. Saurayinmu da ya dawo da lasisi yakan tarar kamfani na neman mai ƙwarewa a kan ƙirar jirginsa da ɗaruruwan awoyi, awoyin kuma ba sa samuwa sai a cikin aikin da aka hana shi, ga lasisin yana buƙatar sabuntawa da gwajin lafiya da na'urar kwaikwayon tuƙi, mafi yawa da kuɗin waje. Wanda ya zauna shekara uku a wannan hali, in aka miƙa masa kowace irin takarda zai sa hannu bai karanta ba. Saboda haka nake roƙon hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, sa'ad da jami'anta suka je duba injin jirgi da tayoyinsa da littafin gyaransa, su nemi a kawo musu takardar aikin mafi ƙanƙantar matuƙi a kamfanin, su duba wanda ya biya kuɗin horonsa, da watannin albashin da yake bi, da abin da ake ba shi ranar da ya buga waya ya ce ba shi da lafiya.